Ranar da Na Ba Baƙo Sunana

Jiya aka buɗe wani tsohon akwati a gidanmu, warin tsohuwar takarda da jemammiyar fata ya buso. Sai na gan ni a ƙauyenmu kusa da Ollelewa, ina 'yar shekara bakwai ko takwas. Lokacin Nasara sun riga sun zauna a ƙasar, amma mu ko mota ba mu taɓa gani ba.

Kakana na wajen uba ya yi fatauci da ƙuruciyarsa, kuma ya dawo daga wata tafiya da 'yan takardun ajami a cikin gafaka. Ba na addini ba ne, labari ne na ban tsoro, shi ya sa ba ya haɗa su da sauran littattafansa. Da rani, in hatsi ya shiga rumbu, yakan zauna gindin aduwa bayan azahar ya karanta mana. Duk baƙon da ya iya karatu kuwa sai ya miƙa masa, ya ce, "Duba wannan, amma kada ka karanta kai kaɗai."

Labarin wani matafiyi ne da ya iske wani mai rawani a bakin rijiya. Mai rawanin ya ba shi ruwa, ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. Da ya iso gida, sai uwarsa ta shimfiɗa masa tabarma ta ce, "Baƙo daga ina?" Matarsa ta rufe fuska, karensa ya yi masa haushi. A nan kakana ke tsayawa, don gara ta cinye takardar ƙarshe.

Gwaggona, ƙanwar babana, ba ta iya karatu ba, amma ta fi takardar ban tsoro. Da la'asar sakaliya takan tara mu a ɗakinta, ta rataya farin zane a ƙofa, ta fita ta tsaya tsakaninsa da rana. Sai mu ga inuwar mai rawani tana ƙara tsawo, hannu yana miƙo ƙwarya. A wasanta matafiyin yana samun mafita: ya koma rijiyar, ya leƙa ciki, ya kira sunansa har ruwa ya mayar masa. Kakana yakan ce, "Wannan ba ya cikin takarda." Ita kuma ta ce, "Ai yana cikin cikin gara, Baba." Ni dai na rasa wa zan gaskata.

Wata safiya aka aike ni kai wa babana fura a bakin rijiya. Rijiyoyin Damargu kun san zurfinsu, da bijimi ake jan guga. Wani mai raƙumi, fuskarsa a rufe da rawani, yana shayarwa. Ya dube ni ya ce, "Yarinya, yaya sunanki?" Kafin in tuna, na faɗa. Ya yi mini addu'a, ya hau, ya yi arewa.

A hanya labarin matafiyin nan ya faɗo mini. Ina shiga gida, kakata, wadda idonta ya fara hazo, ta ɗaga kai ta ce, "'Yar wa ce nan?" Na wuce wajen innata tana daka, na tsaya a gabanta ina jira. Ta ce, "Ke, miƙo mini faifai." Ke kawai.

Ni ce 'yar farinta, kuma a lokacin uwa ba ta kama sunan ɗan fari, don kunya. Haka take kirana tun da na yi wayo, amma ranar sai na kasa tunawa ko ta taɓa kirana da wani abu dabam. Kwana biyu ina bin mutanen gida ina kasa kunne. Wasu suna kiran sunan, amma sai in ji kamar ba nawa ba ne. Na tambayi kakana yadda matafiyin ya ƙare. Ya ce, "Amaryata, ban sani ba. Ni ma haka na same shi."

Ran na uku da tsakar rana, lokacin da masu shayarwa suka watse, na tafi rijiya. Na kwanta rub da ciki a kan itacen bakinta, wanda igiya ta goge ya yi santsi. Ban hangi ruwa ba, sai duhu da wani sanyi mai tasowa. Na kira sunana, abin da ya dawo ba ya kama da magana. Na ce ko ban leƙa sosai ba ne, na ƙara jan jiki, har ƙafafuna suka bar ƙasa.

Sai na ji sunana, cikakke, da ƙarfi, amma daga bayana. Aka fizgo ni ta ƙafa har zanena ya yage. Innata ce, ba ko kallabi a kanta. Ta zabga mini mari, ta rungume ni. Ta riƙe hannuna har muka iso gida. Tun daga ranar gwaggo ba ta sake rataya farin zane ba, gafakar kuma ban san inda kakana ya kai ta ba.

Yanzu jikokina suna musayar littattafan ban tsoro, su kalli wanda aka mayar silima a tele, su yi ta gardamar wanne ya fi. Iyayensu mata kuwa suna ƙwala wa 'ya'yan fari kira tun daga bakin titi, ba mai ko juyowa.

Da na girma na yi 'ya'ya, na taɓa tambayar innata ko ita ce ta kira ni ran nan. Ta ci gaba da tsince wakenta, ta ce, "Ni? Rijiya dai kika ji." Har ta koma ga Allah ba ta canza wannan magana ba, ni kuma ban sake jin sunana a bakinta ba.