Ramin Teta Lume

Duk wanda ya sake turo min hoton nan yana dariya wai an ga gawa a bakin teku, zan toshe shi. Ba gawa ba ce. Teta Lume ce, maƙwabciyarmu ta hawa na huɗu. Tunda kun ga hoto, to ku tsaya ku ji.

Sunanta Lumturie, amma kaf garinmu Velipoja Teta Lume ake ce mata, wato Inna Lume, har waɗanda suka girme ta. Shekararta saba'in da uku. Tana 'yar sha shida aka zuba su fadama, ita da sa'o'inta, haƙar magudanan ruwa, daga nan sai gonar gwamnati, shekara ashirin da wani abu ƙafa cikin laka mai sanyi. Abin da ta tsira da shi gwiwoyi biyu ne masu kuka kamar tsohuwar ƙofa, da ɗaki biyu a saman bene mai matakala sittin da huɗu. Mijinta ya rasu. Ɗanta ɗaya, Ylber, yana Torino, can ƙasar waje, yana aikin tayil. Bara ya kafa mata sharaɗi: ranar da ta kasa hawa benen nan da ƙafarta, zai zo ya kwashe ta. Ta ce masa ita ba buhun dankali ba ce.

Abin da ke riƙe da gwiwoyin, a wajenta, yashi ne. Duk Agusta, kwana goma sha ɗaya a jere. A haƙa rami da safe, a bar rana ta gasa shi. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ta kwanta, a rufe ta da yashi zuwa ciki, a bar ƙirji, minti ashirin. In ta fito sai bargo. Ba wanka, ba ruwan sanyi, ba iska. Ka tsallake kwana ɗaya, ka zubar da duka. Kuma ba kowane yashi ba, sai baƙin nan na gaban bishiyoyi. Mai binne ta kullum Sanije ce, ƙanwar mijinta, wadda suka shekara hamsin suna faɗa.

Ranar hoton, kwana na tara ne, makon ƙarshe na Agusta. In ya karye, babu sauran zafin da za a faro daga farko.

Rana ce ta hutu irin wadda ko kare ba ya haushi. Teku kwance luf. Tsofaffi suna buga domino a kan akwati, kankana an tura ta bakin ruwa ta yi sanyi, mai gasa masara yana yawo. Sai ga Teta Lume da shebur a kafaɗa, Sanije na biye da bargo.

Wajen ramin kuwa ya ɓace. Kreshnik, ɗan mai gidan burodi, wanda ya buɗe wajen shaye-shaye da gadajen haya na masu shan rana, duk shekara yana ƙara layin gadaje. Da asubar nan ya ƙara biyu, ya share yashin sumul.

"Sanije, ina ramina?"

"Ga shi can ƙarƙashin wancan baƙon mai jan baya."

"To, Allah ya ba shi lafiyar gwiwa."

Ta auna taku uku, ta kafa shebur a tsakiyar hanyar da ke ratsa gadajen, ta hau haƙa. Kreshnik ya taho a guje, sarƙar zinare na tsalle a wuyansa.

"Teta! Teta Lume, me kike yi haka?"

"Dankali nake shukawa. Ba ka gani?"

"Haba Teta, wajen nan haya na ɗauka, ina da takarda."

"Takardar ta ce yashi naka ne?"

"Ki zo ki kwanta a gado, kyauta. Har kofi zan kawo miki."

"Gado nake da shi a gida, ɗan nan. Shi ya kashe min baya."

Ya ce akwai fili a bayan banɗaki. Sanije ta ce ya kai uwarsa can. Ya koma yana huci.

Ba ya iya faɗa da baki, sai ya shigo da dabara. Can an jima ya lallaɓo ya buɗe ƙatuwar lema daidai kan ramin, wai saboda baƙi. Ramin da ke inuwa kuwa kabari ne kawai, ba magani ba. Teta Lume ta miƙe ta rufe lemar. Ya buɗe. Ta rufe. A ta uku ta zare sandar gaba ɗaya ta zauna a kai, awa biyu, tana cin burodi da cuku da tumatir, tana gadin rana.

Sha ɗaya da rabi ta kwanta. Sanije ta hau zuba mata yashi.

"A hankali, ke! Ba gado kike jira ba."

"Gadon me? Tukwane uku da rediyon da ba ya kamawa? Yi shiru ko in rufe har bakin."

Aka ɗora mata jiƙaƙƙen ƙyalle a goshi. A nan ne wata baƙuwa ta ƙwalla ihu, wani ya ɗauki hoton da kuke yawo da shi.

Kreshnik ya dawo da tiyo a hannu, wanda yake jiƙa hanya da shi don kada ƙafar baƙi ta ƙone.

"Teta, lokacin ban ruwa ya yi. Wallahi ki tashi."

"Jiƙa. Amma ka sani, duk hunturun nan kai za ka riƙa goya ni bene, safe da yamma."

"To zan ciro ki da hannuna."

Lokacin gumi ya riga ya keto mata, yana gangarowa cikin kunne. Sanije ta dubi agogo, ta ja gefe, ta ba shi hanya.

"Bismilla, ciro ta. Saura minti sha biyu, jikinta sharkaf da gumi. Ciro ta cikin iskar nan. Sai ka je gidan burodi ka faɗa wa Drita cewa ɗanta ne ya sa iska ta bugi Lume."

Ku da ba 'yan nan ba, ku yi dariya. Mu a garin nan mun fi tsoron iska a bayan mai gumi fiye da ɗan sanda. Kreshnik ɗin nan da sarƙarsa da motarsa, har yau da singileti a ƙarƙashin riga yake yawo a Agusta, don uwarsa ta ce. 'Yan domino sun ajiye wasa suna kallo. Ya tsaya da tiyo, ruwa yana zuba a kan takalminsa.

Sai ya waiga. Ƙatuwar fankarsa mai fesa ruwa tana juyowa, tana dosar kan tsohuwar. Ban taɓa ganin ƙato ya yi gudu haka ba. Ya fizge wayar daga bango yana zagin fankar, yana zagin kansa. Baƙi suka hau ƙorafin zafi. Ya ce wuta aka ɗauke, alhali kiɗa na tashi.

Minti ashirin cif, Sanije ta tone ta, ta naɗe ta da bargo. Teta Lume ta wuce ta gaban Kreshnik, baƙin yashi har gira.

"Gobe ƙarfe tara zan haƙa. Ka matsar da gado biyu, ramin yau ya yi min ƙunci."

"Ba zan matsar ba."

"Ka gaida Drita."

Washegari gado biyu babu. Ya ce karyewa suka yi.

Likita ya ce yashi ba ya gyara ƙashi. Wataƙila. Ni dai ranar da ta cika kwana sha ɗaya, da la'asar, na ji su a matakala, ita da Sanije. Ta kira Ylber ta bidiyo, ta ba Sanije wayar ta haska masa ƙafafunta, tana hawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ƙarfen dafawa ba. A hawa na uku, daidai ƙofarmu, ya ce, "Mama, ina jin haki fa."

"Ba ni ba ce, goggonka ce. In kana neman wadda za ka kwasa, ga ta nan."