Tandar Innarmu da Attajirin Rediyo

Tandar da yayata take soya masa a cikinta ta innarmu ce. Ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin saboda shekaru, gurbinta bakwai, kowane gurbi ya kai tafin hannun babban mutum. Da inna ta rasu, yaya ta gaji tandar, ta gaji wurin zaman, gindin bishiyar bedin ƙofar gidanmu a Karofane. Da masar nan aka saya mini littafi da takalmi har na zama malamin lekol, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe kamar kowane malami, da ita kuma yaya ta ciyar da 'ya'yanta bayan mutuwar mijinta. Duk garin an san masar gidanmu: ka ci biyu, ka kora da ruwa, ka wuni a gona. Akwai wani tsoho, abokin babanmu, da bai taɓa fashin zuwa ba. Kullum da safe zai miƙa kuɗin biyu, ya zauna a kan turmi ya cinye, sannan ya saɓa hauyarsa ya wuce.

Ina yaro masa dala ɗaya ce. Ta koma dala biyu, ta zo ta tsaya a dala biyar, a nan kuma ta maƙale, domin a tsabar kuɗinmu daga dala biyar sai dala goma, babu kuwa mai ba da dala goma a kan masa ɗaya a ƙauyenmu. Na aje alli na dawo gida daidai lokacin da kasuwa ta haukace. Tiyar hatsi, wato kwanon awo, ta tashi, man gyaɗa ya bi ta, itace ma da ake tsinta a banza ya zama na saye. Sauran masu masa suka sami dabara: suka je wurin mai ginin tukwane aka yi musu tanda mai ƙananan gurabu. Kuɗi yana nan yadda yake, masa ce ta tsuke, har ta koma loma ɗaya. Yaya ta ce ita kam a'a.

"Tandag ga ba ta taɓa cin amanak kowa ba," in ji ta, "ba kau a hannuna za ta hwara ba."

Wata safiya ina zaune kusa da ita da 'yar rediyona, sai aka kawo wani masani yana bayani a kan wani attajirin ƙasar waje, irin masu kamfanonin da ke sarrafa abin da ke cikin wayoyin hannu. Wai dukiyarsa miliyar ce, wato biliyoyi, da baki ba ya iya faɗa, amma hauhawar farashi ta ci wani yanki nata. Adadin ya ƙaru, in ji masanin, sai dai abin da zai iya saye da shi bai kai na da ba, saboda haka a gaskiya mutumin ya yi asara. Mai gabatarwa ya sauke murya ya ce, "Allah sarki." Wallahi da kunnena na ji. Saura kaɗan in jefa rediyon cikin wuta.

Yaya tana juya masa ta ce, "Mi yas same shi? Sata anka yi mishi, ko gobara ta?"

Na ce babu ko ɗaya. Kuɗinsa ne ba sa sayen abin da suke saye a da.

"Ya rage tuwo nai?"

Na ce ban zata ba.

"To, ko dai mi na, ciwonmu guda. Allah shi sawwaƙa muna, ni da shi."

Addu'ar nan ta fi rediyon ƙona mini rai. Na tashi tsaye kamar ina gaban aji. Na ce komai ramar giwa ta fi kwando goma. Na ce dukiyar mutumin nan ba kuɗi ba ce da aka ƙulle a bakin zane, hannun jari ne, gidaje ne, kamfani ne, abubuwan da in farashi ya hau su ma sai su hau tare da shi. In kaya sun yi masa tsada, ya ƙara wa duniya kuɗin nasa kayan, ba kuma wanda zai taɓa ganin fuskarsa balle ya ji kunyarsa. Asararsa a takarda take, ba ta taɓa hana shi karin kumallo ba. Ke kuwa mai sayenki yana tsugune gabanki, kin san uwarsa, kin san ranar sunansa. Wane ciwo ne naku guda?

Ta ce, "Mushe, zamna. Nan ba lekol ta ba."

Na zauna. Amma daga ranar na buɗe ido. Na san yaya da awaki biyar. Da yamma da garke ya dawo na ƙirga, biyu suka shigo gida. Na tambaya, ta ce mini wata ta tsufa, wata ba ta da nono, wata ɓarna ta cika yi a gonar mutane. Ashe duk sun tafi kasuwa, sun dawo a tiyar hatsi da kwalbar mai. Matar nan da jikinta take cika gurbin tanda, gari yana ci yana sa mata albarka, ba wanda ya ce Allah sarki. Ni ma da nake cin uku kowace safiya kyauta ban lura ba, ni mai ilimin.

Ranar kasuwar Bouza na hau mota ban gaya mata ba. Na sami mai tukwane, na ce tanda nake so. Ba ta ma tambaye ni wace iri ba, domin ta ce ta daina gina mai manyan gurabu, ba mai nema. Na rungumo mai ƙananan gurabu bakwai a cinya har gida saboda gargadar hanya, na aje gaban yaya. Na yi mata wa'azi mai tsawo. Na ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Na ce komai lalacewar masa ta fi kashin shanu. Ta dube ni, ta dubi tandar, ta ɗauka ta kife a bayan ɗaki. Sati uku ba ta yi mini maganar ba, ni kuma ban fasa mita ba. Sai da akuya ta huɗu ta tafi, ta rage guda ɗaya mai ciki, sannan na ga ta ɗauko tandar tana shafa mata mai tana gasawa.

Washegari na fito da wuri, ban kunna rediyo ba. Ta zuba ƙullu da rabin ludayi, hannunta yana neman ya cika tana hana shi. Masar ta yi kyau, ta yi ja, sai dai ba ta fi bakin kofin shayi ba. Mutum na farko da ya zo shi ne tsohon nan abokin babanmu. Ya gaishe mu, ya miƙa dala gomarsa, ta sa masa biyu a hannu. Ya daɗe yana kallonsu a tafinsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na sami wanda zan huce a kansa. Murmushi ya yi, ya ce a hankali:

"Har ke, ɗiyata?"

Yaya ta ce, "Har ni, Baba."

Ya jefa su baki a tsaye, bai ko nemi turmin ba, ya saɓa hauya ya tafi. Ta bi bayansa da ido har ya sha kwana. Ni ne na fara jin ƙauri. Na ce, "Yaya, masa!" Ba ta motsa ba. Shekara talatin da wani abu ina kallon matar nan a bakin wuta, ban taɓa ganin ta ƙona ko guda ba. Ranar duka bakwai suka ƙone a cikin tandar da na sayo mata.