Dabinon da Kaka Ya Ƙi Ci

Makon jiya maƙwabcin shagona a kasuwar Al Buteen, nan ƙasar Larabawa, wani dattijo ɗan Aljeriya, ya shigo da faranti cike da dabino. Ya ce ƙasarsu ta cika shekara hamsin da korar Faransa. Ina ganin farantin, kakana ya faɗo mini a rai.

Har ya rasu ban taɓa ganin dabino a bakinsa ba, da ruwan randa yake buɗa-baki. Wani azumi a Maraɗi na miƙa masa nawa. Ya juya shi a tafin hannu, ya shinshina, ya mayar mini.

"Abokina, ci abinka. Faransawa sun kwashe mu soja zuwa Aljeriya, suka sa mu sare wa wani ƙauye itatuwan dabino, tsofaffinsu suna kallo. Sai da na ji mutanen sun kafa gwamnatinsu na fara barcin kirki."

Shekara huɗu ina ɓoye wa maƙwabcina wannan labari, don kada gaisuwarmu ta lalace. Ran nan dai na faɗa masa.

Ya ce, "Da son ransa ya je?"

Na ce a'a.

"To khalas, shi ke nan, mun dasa wasu. Ɗauki biyu, habibi, ɗaya naka, ɗaya nasa."

A tsaye na cinye su, zaƙin har maƙogwaro. Allah Ya yafe maka, Kaka, Ya ciyar da kai dabinon Aljanna, ka ci hankali kwance.