Dish Ɗin Baba da Ganin Dishi-dishi

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji shida a firamare, Baba ya shigo gidanmu na Samaru da ƙaton kwali ɗaure a bayan babur. Bayansa ga Oga Emeka, mai haɗa dish daga Sabon Gari, rataye da waya a kafaɗa. Ina tsugune bakin rijiya ina wanke-wanke, na watsar da soso na bi su da kumfa a hannu. Sabuwar talabijin ce marar ƙeya, da sabuwar dikoda, irin mai fitar da hoto tas wadda ake kira eci-di, har da sabon dish. Baba malamin makaranta ne, mutum mai tsantseni, takalmi ɗaya yakan yi shekara uku a ƙafarsa. Abin da ya kai shi ga wannan sayayya kuwa, rigima ce ta shekara guda cur.

Tsohon dish ɗinmu a tsakar gida yake, kan wani ƙarfe da aka kafa da siminti kusa da bishiyar gwaiba. Iska tana kaɗawa sai hoto ya ɗauke. Baba ya fita da sifana yana juya shi, ni kuma in tsaya a taga, ido ɗaya kan talabijin, ina kwarara ihu: "Ya kawo! Ya ɗauke! Koma baya kaɗan!" Wannan aikin nawa ne ni kaɗai, ko ƙannena ban yarda su taɓa ba, don duk layinmu ba mai murya kamar tawa. Yaran maƙwabta har kwaikwayona suke yi in muna ’yar gala-gala.

Sai Baba ya fara juya dish ko ba iska. In ce ya kawo, ya shigo ya zauna, ya ƙanƙance ido ya ce, "Ke Ladi, wannan ne ya kawo? Dishi-dishi fa nake gani." Mu kuwa lafiya lau muke gani. Ya canza waya, ya sare reshen gwaiba, ya zagi kamfani, ya zagi hadari. A bayan idonsa muka sa wa abin suna "dish mai dishi-dishi", muna ƙyalƙyala dariya a kicin. Mama ce kawai ba ta dariya. Ita ta lura ya daina duba takardun ɗalibai in magariba ta yi, kuma sau biyu ya faɗa rami da babur a hanyar Hanwa. Da ta ambaci asibiti ya ce idonsa ƙalau, talabijin ce ta tsufa.

To, ranar nan Oga Emeka ya gama ɗaure-ɗaurensa, ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari, "Baba, wannan ko gashin hanci za ka gani." Ya kunna. Kai! Ƙwallo ake bugawa, ga ciyawa ɗaya-ɗaya, ga zufa tana gangarowa a wuyan ɗan wasa. Ƙannena suka hau tsalle, maƙwabta suka cika ƙofa. Baba ya jawo kujera gaba, ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce, "Gyara dai, da saura."

Oga Emeka ya buɗe baki, Mama ta ƙifta masa ido, sai bawan Allah ya ɗauki sifana ya fita yana ƙwanƙwasa ƙarfe ba tare da ya juya komai ba. Na je taga kamar kullum. Baba ya kira ni, ya riƙe hannuna, ya ce a hankali, "Ladi, ke ba kya yi mini ƙarya. Ya fito?" Wallahi na so in ce da saura. Na ce, "Baba, tas yake." Ya sa tafin hannu ya rufe ido ɗaya, ya sauke, ya rufe ɗayan. Ya ce, "To, ba dish ba ne." Na ji kunyar duk dariyar da na yi a kicin, na fashe da kuka.

Yanar ido ce. Aka yi masa aiki bayan an cire masara. Idon hagu ya riga ya yi nisa, na dama aka samu. Ranar da aka cire bandeji muka zaunar da shi gaban talabijin, muna jiran ya yaba. Kallo ɗaya ya yi mata, ya juya ya tsura wa Mama ido, ya ce, "Saratu, yaushe kika yi furfura haka?" Mama ta yi dariya har da hawaye.

Tsohon dish ya koma wurin shanya kuɓewa. Yau Baba ba ya duniya, ’ya’yana kuma a waya suke kallo, kowa da tasa, hoto tas, ba mai juya ƙarfe, ba mai tsayawa a taga. Wani lokaci in hadari ya taso hoto ya ɗauke a gidana, sai in ji ihun ya taho har maƙogwarona. Amma ba kowa a tsakar gida da zan gaya wa ya kawo.