Ranar da Na Daskare a Utaiƙa

Ko zan manta komai na zamana a Riyad, ba zan manta ranar da na daskare ana tsakiyar zafi ba.

Lokacin ina tuƙa ɗan kafil ɗina, wato ɗan mutumin da ya ɗauko ni aiki. Ni tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya, shi ya sa ma makaranta ta gagare ni. Shi ma ɗan kafil ɗin irina ne, sai dai shi da kuɗinsa, kuma hawan duwatsu ne ya shiga ransa. Wata rana ya nuna mini hoto a waya: wani dutse can ƙuryar arewacin duniya, fari fat, ƙanƙara tun daga gindi har ƙoli. Ba gari, ba hanya, sai ƙaramin jirgi ya sauke mutum. Ya ce yana neman wanda zai riƙe masa tanti da girki a gindin dutsen. Bai rufe baki ba na ce, "Mudir, ga ni!" Haka nake kiransa, wato maigida da Larabci.

Muka fara atisaye. Sai mu ɗaura taya a ƙugu mu yi ta ja cikin yashi a bayan gari, don can haka ake jan kaya a kan ƙanƙara. A nan kam na fi shi. Saura gwajin sanyi. Abokinsa yana da ɗakin ajiyar daskararrun kaji a unguwar Utaiƙa. Mudir ya ce in na jure zama da shi a ciki, ina cikin tafiya. Ya miƙo mini wasu riguna shara-shara da jaket, ya ce, "Kar ka sa sai mun je bakin ƙofa."

A ɗakinmu na unguwar Shifa akwai wani dattijo ɗan Jos, direban tankar ruwa, muna ce masa Baba. Ya ɗaga ɗaya daga cikin rigunan da yatsa biyu.

"Wannan singiletin? Yaro, ni a cikin sanyi aka haife ni. Tun daga gida ake tara ɗumi, sannan a shiga da shi."

Wallahi maganar ta shige ni. 'Yan ɗaki suka taru suna shirya ni kamar ango: suwaita kan suwaita, jaket ɗin gwanjo, safa, hular sanyi, a sama kuma wata jibgegiyar riga mai gashi da Baba ke lulluɓa da ita. Haka na fito titi rana tana dukan kwalta. Mai tasi ya dube ni ya ce ko asibiti za mu. Kafin mu isa, gumi har cikin takalmina.

Mudir ya kalle ni daga sama har ƙasa. "Ina kayan da na ba ka?"

"Waɗannan sun fi, mudir."

Ya cije leɓe don kar ya yi dariya. "Yalla, shiga."

Da farko daɗi na ji. Can sai jiƙaƙƙun kayan nan suka juya mini. Kamar an naɗe ni da tsumman da aka tsamo daga randa, sannan wandona ya sandare kamar kwali. Shi kuwa yana zaune kan katan ɗin kaji cikin 'yan rigunansa, yana kurɓar gahawa.

"Lafiya dai?"

Na buɗe baki in ce lau, haƙora suka ƙi tsayawa. Ya miƙe ya ce, "Halas," wato ya isa, ya jawo ni waje, ma'aikatan wurin suna riƙe ciki don dariya.

Da na dawo hayyacina ya ce a dutsen nan gumi ya fi iska haɗari. Masu hawa ma rage kaya suke yi tun kafin su jiƙe. "Ƙarfi kana da shi, ɗan'uwana. Amma can wanda ba ya jin magana, yatsunsa ake yankewa." Tafiya dai ta wuce ni. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba.

Na koma ɗaki na sa Baba a gaba. Ko a jikinsa. Ya ce, "To ai ni sanyin Jos na ce maka na sani. Na taɓa ce maka na zauna da kaji?" Tun daga ranar sunana ya koma Kazar Utaiƙa.

Ni na kai mudir filin jirgi, ni na ɗauko shi da ya dawo, hancinsa duk ya saɓule saboda sanyi. A mota ya miƙo mini 'yar shara-sharar rigar nan da ya hau dutsen da ita, ya ce in ajiye. Tana cikin akwatina har yau. Duk sanda zan shiga abin da ban sani ba, ita nake tunawa: in ji maganar wanda ya taɓa zuwa wurin, ba wanda ya fi kowa ɗaga murya a ɗaki ba.