Dami Goma, Ɗaya Na Zakka

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare kusa da Tiga, babu abin da na tsana kamar waƙar "biyu sau biyu huɗu". Yara su yi ta rera ta har jijiyar wuya ta fito, amma ka tambaye su me ya sa huɗu, sai su zuba maka ido kamar ka ce su kawo sunan kakan Fir'auna.

A ajina na shida akwai wani yaro ɗan masunci, dogo, mai zama can baya. Da an ce lissafi sai gumi ya keto masa, ya nemi izinin fita fitsari. Bulala ta riga ta gama da shi tun a ƙananan azuzuwa.

Wata rana bayan girbi na ce kowa ya rufe littafinsa, na nuna shi.

"Kai, in kawunka ya ɗaure dawa dami sittin, nawa ne na zakka?"

"Shida, Malam," ya ce, kafin in rufe baki.

"In kuma alkamar rani ce, buhu sittin, wadda aka yi wa ban ruwa da inji?"

"Uku. Rabi ake bayarwa, saboda wahalar ruwa."

"To, ka raba sittin gida goma, ka kuma raba ta gida ashirin. Abin da ke kai ka fitsari ke nan."

Aji ya fashe da dariya, shi ma ya dara, ya sunkuyar da kai. Daga ranar muka koma yin lissafi da ka. Mukan farfasa lamba goma-goma, mu ninka, mu raba, ba alli ba biro. Kafin damina ta faɗi ya dawo bencin gaba, hannunsa kullum a sama, har nakan ce masa, "Sarkin zumuɗi, bar wa wasu." Ina son yaron nan ƙwarai.

Ya shiga ƙaramar sakandare a wani gari. Zango bai ƙare ba sai ga mahaifinsa a ƙofar gidana, ya durƙusa, muka gaisa.

"Malam, yaronka ya ƙi komawa makaranta. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya kafe."

Ashe gwaji aka yi musu, ya rubuta amsoshi zalla, duka daidai, ba tare da nuna hanyar da ya bi ba, tunda a ka ya yi. Malaminsu ya ce satar amsa ce. Yaro ya roƙa a tambaye shi da baki, aka ce rashin kunya. Aka fito da shi gaban ɗalibai, aka zane shi, aka kira shi ɓarawo.

Na hau babur zuwa makarantar raina a ɓace. Malamin da na tarar ba mugu ba ne, gajiya ce kawai da aji maƙil da yara. Ya saurare ni, ya ce yaron ya dawo, komai ya wuce. A wurinsa ya wuce.

Na sami yaron a bakin dam ɗin Tiga yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya miƙe, ya rusuna, ya shimfiɗa mini buhu. Na gaya masa an wanke shi, ya ce, "Na gode, Malam," idonsa a kan zare. Na yi ta magana, yana ta "to". Da na rasa ta cewa sai na jefa masa tambaya, yadda muka saba.

"Goma sha bakwai sau shida?"

Hannunsa ya tsaya. Na ga leɓensa ya motsa, na san ya samo amsar, wallahi ya samo ta. Ya waiga ya dubi masuntan da ke jere kusa da mu suna saurare.

"Ban sani ba, Malam," ya ce.

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Bai koma makarantar ba.