Azumin da Aka Ɗora wa Mai Jego

Shekara kusan talatin ina riƙe da maganar nan a ciki. Yau na gaji, zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

A tsakiyar shekarun casa'in na haifi 'yata ta fari, Rifkatu. Muna haya a Kurmin Sarki, maigidana Bitrus kullum sammako yake yi zuwa aiki Abuja.

Sati biyu da haihuwa abu ya fara. Barci ya ƙaurace mini, abinci kamar ƙasa a bakina. In yarinyar ta yi kuka sai in zuba mata ido kamar ta maƙwabta ce, daga baya in yi ta kuka ina cewa wace irin uwa ce ni.

Na faɗa wa Mama Saratu, shugabar zumuntar matan cocinmu. Ta ce, "Haba Lami, mai Yesu a zuciya da baƙin ciki? Bangaskiyarki ce ta yi sanyi. Azumin kwana bakwai za mu yi."

Ku ji fa. Mai jego, mai shayarwa, wadda ko loma uku ba ta iya kaiwa, ita aka ɗora wa azumi. Ni kuma don tsoron a ce na ja da baya, na ɗauka.

Kullum da yamma mata takwas su cika mini ɗaki da waƙa da tafi, kaina kamar zai tsage. Ba wadda ta ce kawo yarinyar ki ɗan kwanta.

Kwana na biyar nono ya ƙafe. Rifkatu ta tsotsa ta tsotsa ta saki, ko ƙarfin kuka ba ta da shi. Na ji tsoro ƙwarai.

Bitrus ya fasa zuwa aiki ya kai mu asibiti. Nas ta ɗora Rifkatu a sikeli ta ce, "Madam, yarinyar nan baya take yi. Kina cin abinci kuwa?"

Na ce azumi nake. Ta ajiye biro ta yi ta kallona.

Aka ɗebi jinina, aka auna maleriya da taifot, babu komai. Sai likita ya tambaye ni ko na taɓa jin gara in mutu. Na ce kullum. Bitrus ya sunkuyar da kai.

Likitan ya ce, "Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana da magani. Amma azumin nan a gabana za ki karya shi." Ya aika a kawo shayi da burodi.

Maganin da madarar gwangwani ba su da araha, sai da Bitrus ya sayar da rediyonsa.

Da Mama Saratu ta ji, ta zo da faɗa. "Ƙwaya? Kin fi yarda da likita ke nan?" Tana zaro hankici daga jaka sai ga ƙullin magani ya faɗo.

Na ce, "Mama, wannan fa?"

"Ai na hawan jini ne. Wannan ciwo ne na gaske."

"Nawa kuma na wasa ne?"

Ta tsince ƙullinta ta fita. Washegari ta dawo ita kaɗai da kwanon farfesu, ta goya Rifkatu, ta ce in rufe ƙofa in yi barci. Haƙuri dai ba ta ba ni ba, amma ta yi wata guda tana zuwa.

Sai da na yi wata biyu kafin na ji ni ce. Rifkatu ta murmure. Addu'a ban taɓa dainawa ba, kowace safiya in yi ta in haɗiye ƙwayata.

Na gode wa Ubangiji, na gode wa Bitrus da nas ɗin nan da ko sunanta ban tambaya ba. Mama Saratu ta rasu, na yafe mata tuni.

'Yan'uwa, in mai jego ta ce muku ba ta jin daidai, ku daina auna mata bangaskiya. Ku ba ta abinci, ku karɓi jaririn, ku yi addu'ar a hanyar asibiti.

Rifkatu kan tambaye ni yadda take tana jaririya. Watanninta uku na farko ba na iya tuna yadda take a cikinsu, sai dai in ce ta tambayi babanta.